Taurarin da Suka Fita Zakka

A shekarar 1961, Antoni Przybylski, masanin taurari ɗan asalin Polan wanda yaƙin duniya na biyu ya raba da ƙasarsa har ya yada zango a Ostireliya, yana aiki a cibiyar nazarin taurari ta Dutsen Stromlo, kusa da Kanbera. Cikin taurarin da ya auna akwai wani dusasshe a rukunin Centaurus, wanda ido ba ya kama shi sai da madubi, nisansa da mu ya kai tafiyar haske ta kusan shekara 350. Lambarsa a kundin taurari HD 101065. Kundin ya sa shi a sahun taurari masu tsananin zafi, masu haske shuɗi-shuɗi. Da Przybylski ya auna launinsa sai ya ga sam ba haka ba ne, ya fi kusa da launin Rana. Kuskure a kundin da aka tantance taurari sama da 225,000 da ido ba abin a riƙe baki ba ne. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne abin da ya tarar da ya baje hasken tauraron.

Idan aka ratsa hasken tauraro ta gilashi mai kusurwa uku, sai ya baje ya zama baka mai launuka, daga ja zuwa shuɗi. A jikin bakan akwai siraran layuka baƙaƙe, kuma tun zamanin Kirchhoff da Bunsen, wajen 1860, aka gane cewa kowane sinadari yana da nasa layukan a wuraren da ba sa sauyawa. Da su ake karanta abin da ke saman tauraro ba tare da an je ba. A tauraro mai zafin Rana, layukan ƙarfe su ne ke cika ido. A na Przybylski kuwa sai an yi da gaske kafin a gan su. Maimakonsu, dubban layuka ne cunkushe, wani kan wani, na sinadaran da ake kira dangin lantanam: holmiyom, wanda da ƙyar ake ganin alamarsa a hasken Rana, da samariyom, da yuropiyom, da niyodimiyom, wannan da ake yin maganaɗisun lasifikar waya da shi. Lissafin da aka yi daga baya ya nuna yawansu a saman tauraron ya ninka na Rana sau 1,000 zuwa 10,000, ƙarfe kuwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kamata ba.

Wannan ya saɓa wa abin da aka riga aka yarda da shi. Tun 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa taurari kusan duk kayan gini ɗaya ne da su: haidurojin da hiliyom, sai ɗan burbushin sauran sinadarai. To wannan daga ina ya samo nasa?

Gaskiyar magana, ba shi ne farkon fitinanne ba, shi dai ya fi kowa wuce gona da iri. Maganar ta girme shi da fiye da shekara sittin. A 1897 Antonia Maury, ɗaya daga cikin matan da ke tantance hotunan bakan taurari a Harvard, ta lura da cewa layukan tauraron Cor Caroli ba su yi kama da na sa'o'insa ba. A 1913 Aristarkh Belopolsky, a cibiyar Pulkovo ta Rasha, ya ga abin da ya fi wannan ban mamaki: wani layi na yuropiyom a tauraron yana ƙarfi, ya dusashe, ya sake ƙarfi, duk bayan kwana biyar da rabi. Shekara guda bayan nan Guthnick da Prager a Jamus suka auna hasken tauraron da na'urar lantarki, suka tarar shi ma yana hawa yana sauka, a kan wannan lokacin dai. Sinadari ba ya ɓacewa daga tauraro ran Litinin ya dawo ran Asabar. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Wanda ya kawo shaida ta gaba shi ne Horace Babcock. A 1946, da babban madubin Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya gano cewa tauraron 78 Virginis, ɗan wannan dangi, yana da ƙarfin maganaɗisu. Wannan shi ne karon farko da aka auna irin haka a wani tauraro ban da Rana. Ya ci gaba da farauta, har a 1960 ya samo wanda ƙarfinsa ya kai gaus 34,000, alhali na Duniyarmu, da ke juya allurar kamfas, kusan rabin gaus ne kawai. Ya kuma ga cewa a wasu taurarin maganaɗisun yana juyewa, yau arewa, bayan 'yan kwanaki kudu, kuma juyewar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauyin layuka da na haske.

Bayanin da ya fara zuwa wa mutane a rai shi ne tauraron ne ke motsi a jikinsa, yana kumbura yana tsukewa, maganaɗisun yana lilo tare da shi. Shi kansa Babcock ya daɗe yana juya wannan tunani. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. A 1950 wani matashi, Douglas Stibbs, ya yi lissafin wata hanya mai sauƙi: babu abin da ke sauyawa a jikin tauraron, juyawa kawai yake yi. Sandar maganaɗisunsa ba ta daidaita da sandar da yake juyawa a kanta ba, a karkace take. Don haka in ya juyo mana da wannan gefe sai mu ga arewar maganaɗisu, in ya juyo da wancan mu ga kudu. Sinadaran kuma ba a baje suke daidai a fuskarsa ba, tabo-tabo ne, nan yuropiyom, can kuromiyom, can silikon. Armin Deutsch ne ya kawo hujjar da ta rufe bakin masu musu. Tauraron da ke juyawa da sauri layukansa suna faɗi, wannan sanannen abu ne. Da ya jera taurarin sai ya ga duk wanda lokacin sauyinsa gajere ne layukansa masu faɗi ne, wanda nasa ya yi tsawo kuma layukansa sirara ne. Ke nan lokacin sauyin shi ne lokacin juyawa.

Saura dalilin sauyin haske, kuma a nan akwai abin da ke ba ni sha'awa. Tabon da ke fuskar Rana baƙi ne, saboda ya fi kewayensa sanyi. Na waɗannan taurari ba haka yake ba. Silikon da ƙarfe da dangin lantanam suna shanye haske mai gajeren zango, wanda ke can bayan shuɗi inda ido ba ya gani. Ƙarfin da suka shanye dole ya sami mafita, sai ya fito a cikin hasken da ido ke gani. Saboda haka tabon ya fi sauran fuskar haske a idonmu. A farkon shekarun 1970 kumbon OAO-2 ya duba Cor Caroli daga sama da iskar Duniya, sai ga shi duk lokacin da tauraron ya ƙara haske a ido, yana raguwa a wancan hasken da ba a gani. Lissafi ya fita daidai.

Mai karatu da ke Kano ko Damagaram zai iya ganin ɗaya daga cikinsu ba tare da madubi ba. A daren watan Afrilu ko Mayu, ka dubi arewa, wajen taurarin nan bakwai da Larabawa ke kira Banatu Na'ash. A cikin ukun da suka miƙe, wanda ya fi kusa da huɗun shi ne Alioth, mafi haske a wannan dangi, yana juyawa sau ɗaya a kwana biyar da 'yan awanni. Sauyin haskensa dai ya yi wa ido ƙanƙanta.

An gano bakin zaren sauyin haske, amma tambayar farko tana nan: sinadaran daga ina? A shekarun 1960 da farkon na 1970 an zargi abubuwa da dama. Wasu manyan masana suka ce a cikin tauraron aka dafa su, sannan suka taso sama. Wasu suka ce wani abokin zamansa ne ya fashe ya watsa masa. Wasu kuma suka ce maganaɗisun ne ke tsinto su daga ƙurar sarari. Kowane bayani yana da inda ya yi tuntuɓe. Taurarin nan nauyinsu da haskensu daidai suke da na sa'o'insu. Ana samun su a tsakiyar gungun taurarin da aka haifa tare daga gajimare ɗaya, 'yan'uwan duk lafiya lau. Ga kuma abubuwan da babu tukunyar nukiliyar da za ta iya dafawa. A tauraron Chi Lupi, alal misali, zaiba ta yi yawa ainun, kuma kusan dukkanta nau'i ɗaya ce, mafi nauyi, mai lamba 204, wadda a Duniya ba ta wuce kashi 7 cikin 100 na zaiba ba. Wa ya zauna ya tsince ta?

Amsar ta fito a 1970 daga Georges Michaud, ɗan Kanada, wanda ya yi rayuwar aikinsa a Jami'ar Montreal. Ya ce ba a ƙara wa taurarin komai ba, ba a kuma rage musu ba. Tacewa ce kawai. Duk wadda ta taɓa jiƙa kamu ta san abin: muddin kina motsa ƙullun, gari da ruwa a haɗe suke, amma in kika ajiye ƙwaryar ta kwana ba a taɓa ba, da safe gari yana ƙasa, ruwa garau yana sama. Wanda ya leƙa ƙwaryar daga sama zai rantse ruwa ne zalla. A saman tauraro ƙarfi biyu ne ke jan kowace ƙwayar zarra. Nauyi yana jan ta ƙasa. Hasken da ke fitowa daga ciki yana tura ta sama, kuma gwargwadon yawan layukan da sinadari ke da su, gwargwadon hasken da yake tarewa, gwargwadon turin da yake sha. Dangin lantanam suna da dubban layuka, ga shi kuma ba su da yawa balle su tare wa juna hasken, sai su yi ta hawa har su taru a can sama. Hiliyom ba ya tare haske sosai a irin wannan zafi, sai ya nutse. Mu kuma saman kawai muke iya gani.

Sharaɗin shi ne kada a motsa. Rana ba ta yin haka domin kusan kashi uku cikin goma na jikinta daga waje tafasa yake yi kullum, mai zafi na hawa mai sanyi na sauka. Taurarin da suka fi ta zafi da nauyi, masu ninkin nauyinta ɗaya da rabi zuwa sama, tafasarsu ta waje siririya ce. Yawancinsu dai suna juyawa da gudun tsiya, wasu fiye da kilomita 200 a daƙiƙa, kuma gudun ya isa ya gauraya su. Waɗanda suka fita zakka su ne masu nawa. Wasu abokin zama ne ya rage musu gudu, kamar yadda Helmut Abt ya nuna tun 1961 cewa wani reshe na dangin, masu yawan ƙarfe marasa maganaɗisu, galibi bibbiyu suke, kusa da juna. Shi'ira ma, tauraron da ya fi kowane tauraro haske da dare, wanda aka ambata a Suratun Najmi, yana da ɗan wannan hali na yawan ƙarfe. Wasu kuwa maganaɗisu ne ya taka musu burki, ya kuma danne tafasar, ya tsara inda kowane sinadari zai taru. Akwai Gamma Equulei, wanda juyi ɗaya ke ɗaukar sa kusan shekara 100.

Bayanin Michaud ya zo da wata riba da ba a nema ba. A daidai wannan zafi akwai taurarin da ake kira 'yan Delta Scuti, masu bugu na gaskiya, suna kumbura suna tsukewa daga kusan rabin awa zuwa 'yan awanni. Abin da ke kunna bugun wani shimfiɗin hiliyom ne a ƙarƙashin fuskar tauraron, inda zafi ya kai wajen digiri 50,000. In tauraron ya tsuke, hiliyom ɗin ya rasa lantarkinsa na biyu, ya zama mai tare haske, zafi ya taru a ƙarƙashinsa ya tura shi sama. In ya kumbura ya huce, sai ya saki hasken, nauyi ya dawo da shi, a sake. A 1970 Michel Breger ya lura cewa taurari masu baƙon sinadari, ko da suna cikin wannan zafi, ba sa bugawa. Faɗuwa ta zo daidai da zama: ai hiliyom ɗin ya nutse, babu abin da zai kunna su. Aka kafa doka, tauraro ko dai ya zama mai baƙon sinadari ko ya zama mai bugu, ba ya haɗa biyun.

Wanda ya rushe dokar yana cikin waɗanda suka fi kowa saninta. Donald Kurtz, Ba'amurke, a kan wannan batu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Texas, sannan ya koma Jami'ar Cape Town. A lokacin ana ta jayayya a kan zafin tauraron Przybylski. Shi mai tauraron yana cewa kusan zafin Rana ne, wajen digiri 6,000, Gary Wegner kuwa yana cewa ya kai 7,500. Layukan sun yi cunkoson da ba a iya auna zafin ta hanyar da aka saba. Hanya ɗaya ta raba gardama ita ce a duba ko yana bugu irin na Delta Scuti, domin in yana yi, to yana ɓangaren masu zafi. A 1978 Kurtz ya juya masa ƙaramin madubi mai faɗin rabin mita a Sutherland, kan tudun Karoo mai sanyi a Afirka ta Kudu.

Yadda ake awo a wancan zamani shi ne a auna tauraron, a matsa a auna wani na kusa don kwatanci, a dawo, kowane zagaye yana cin mintuna. Duk wani sauyi mai sauri zai ɓace a tsakani, a ɗauka hayaniyar iska ce ko ta na'ura. Da Kurtz ya bar madubin a kan tauraron yana ƙirga haske ba ɗagawa, sai ga abu ya fito fili: hasken yana hawa yana sauka da kusan kashi 1 cikin 100, duk bayan minti 12 da 'yan daƙiƙoƙi. Ba awanni ba, minti 12. Tauraron da doka ta ce ba zai motsa ba, ga shi yana bugu, kuma da saurin da ba a taɓa gani ba a irinsa. Abin da ya fi kama da shi a lokacin shi ne rawar minti biyar da aka gano a fuskar Rana a farkon shekarun 1960, sai dai ta Rana ba ta ko kusa da wannan ƙarfi.

Zuwa 1982 Kurtz ya tara guda biyar, duka masu maganaɗisu, duka a ɓangaren masu ɗan sanyi na dangin. Ɗaya daga cikinsu, HR 3831, shi ya tona asirin yadda abin yake. Bugunsa minti 11 da ɗoriya ne, yana kuma juyawa sau ɗaya a kwana 2.85. Kurtz ya ga ƙarfin bugun ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana kai wa ƙololuwa lokacin da kan maganaɗisun ya fuskance mu, ya ragu har ya kusa ɓacewa lokacin da tauraron ya ba mu gefe, sannan ya dawo da ɗaya kan ya juyo, amma a birkice: inda ake jiran hawa sai a ga sauka. Ma'anar wannan ɗaya ce. Tauraron ba ya kumbura gaba ɗaya. Rabi ɗaya yana kumbura lokacin da ɗaya rabin ke tsukewa, kuma layin da bugun ke bi shi ne sandar maganaɗisu, ba sandar juyawa ba. Wato karkatacciyar sandar da Stibbs ya zana a takarda shekara 32 kafin nan, ita ce bugun ke bi. Mutanen 1940 da suka zaci bugu ne ke sauya hasken Cor Caroli sun yi kuskure, amma bugun yana nan a dangin, a ɓoye ƙarƙashin juyawar, ya fi ta sauri sau ɗaruruwa.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ta zo ne a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da aka sami na'urorin da ke iya ɗaukar bakan tauraro duk minti ɗaya ko biyu. In fuskar tauraro tana matsowa gare mu tana komawa, layukan bakan suna ɗan gusawa hagu da dama, kuma daga gusawar ake lissafa gudun. Hankali zai ce duk layukan su gusa tare, tunda fuska ɗaya ce. Ba haka aka gani ba. A Gamma Equulei da 'yan'uwansa, layukan niyodimiyom da furasiyodimiyom suna kai da kawo da gudun ɗaruruwan mita, wani lokaci fiye da kilomita guda a daƙiƙa, na ƙarfe kuwa kusan a tsaye suke cik. Oleg Kochukhov da Tatiana Ryabchikova suna cikin waɗanda suka warware wannan. Sinadaran ba a hawa ɗaya suke ba. Ƙarfe ya kwanta a ƙasa, inda iskar ke da kauri kuma motsi kaɗan ne. Dangin lantanam suna shawagi can sama, inda iskar ta yi siriri kuma igiyar bugun ke ƙara girma. Har ana iya bin igiyar tana hawa, ta taɓa wannan sinadari, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta taɓa na samansa. Bugun da aka ɗauka ya zo ya kunyata Michaud, shi ne ya zama babban mai ba shi shaida, domin ya nuna hawa-hawan tacewar da ido bai taɓa gani ba.

To me ke kunna bugun, tunda hiliyom ya nutse? Amsar da ta fi karɓuwa ita ce ta 2001, ta Neil Balmforth da Margarida Cunha da abokan aikinsu: haidurojin ne ke yin aikin, a wani shimfiɗi da ya fi kusa da fuska. A tauraro na yau da kullum tafasa tana kwashe zafin wannan wuri kafin ya taru. A nan kuwa maganaɗisu ya danne tafasar a wajen kawunansa biyu, zafi ya sami damar taruwa, kuma da yake shimfiɗin siriri ne, bugu mai sauri kaɗai yake iya kunnawa. Wannan ya bayyana saurin, ya kuma bayyana dalilin bin sandar maganaɗisu.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Lissafin ya zana iyakar zafin da bugun zai yiwu a ciki, amma tauraron Przybylski, wanda yanzu ake sa zafinsa wajen digiri 6,500, ya faɗo waje da iyakar ta ɓangaren sanyi. Na farkon da aka gano yana cikin waɗanda lissafin ya kasa ɗauka. Kumbon TESS, da aka harba a 2018, ya auna dubban taurari duk bayan minti biyu, amma masu wannan bugu da aka sani har yanzu sun ɗan haura 100 ne kawai, kusan ɗaya cikin ashirin na waɗanda ake sa ran za su yi. Za ka ga taurari biyu, zafi ɗaya, maganaɗisu kusan ɗaya, sinadarai iri ɗaya, wannan yana bugu wancan shiru. Akwai ma HD 60435, wanda aka san shi da bugu tun shekarun 1980, TESS yana kallonsa ya daina. Su ma masu yawan ƙarfe marasa maganaɗisu sun karya dokar Breger: a 2011 ayarin Barry Smalley ya duba sama da 1,600 da kyamarorin SuperWASP, ya sami kusan 200 suna bugu, da rauni dai, amma suna yi. Asalin maganaɗisun kansa ana kan jayayya, ko gado ne daga gajimaren da ya haifi tauraron, ko kuwa taurari biyu ne suka haɗe tun suna ƙanana.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi yawo a intanet, wanda ya kamata a yi masa adalci. Wasu masana sun ba da rahoton ganin layukan furometiyom a tauraron Przybylski, daga baya wasu suka ƙara da sinadarai masu nauyi irin su fulutoniyom da ainshitainiyom. In haka ne, lamarin babba ne. Nau'in furometiyom mafi daɗewa, rabinsa yana lalacewa a shekara 17.7, na ainshitainiyom bai kai shekara biyu ba, tauraron kuwa ya yi miliyoyin shekaru. Ke nan sai in akwai abin da ke ƙera su yanzu. An ce wataƙila wani mataccen tauraro ne a kusa yake yi masa ruwan ƙwayoyi masu ƙarfi, amma ba a ga alamar irin wannan maƙwabci ba. A 2017 Dzuba da Flambaum da Webb suka ce mai yiwuwa wasu sinadarai ne masu nauyin gaske, waɗanda ba a taɓa samu a Duniya ba, suke rugujewa a hankali suna haifar da su. Har an tuno da wata shawara ta 1980, cewa wasu halittu masu fasaha za su iya zubar da sharar nukiliyarsu a cikin tauraronsu.

Ni a ganina duk an yi gaggawar hawa bishiyar. Kafin a nemi wanda ya kawo abu, sai a tabbatar abin yana nan. Bakan tauraron nan cike yake da layuka, dubbai daga ciki har yau ba a san na wane sinadari ba ne, saboda ba a gama auna layukan dangin lantanam a ɗakin gwaji ba, musamman waɗanda suka rasa lantarki ɗaya ko biyu. Maganaɗisu kuma yana tsattsaga kowane layi gida-gida. A irin wannan cunkoso, duk jerin layukan da ka ɗauko, na kowane sinadari, wasu za su faɗa daidai kan wani abu ta hanyar dace kawai. Tarihin dangin nan ma ya nuna inda amsa ke fitowa: sau biyu ana neman bayani mai girgiza duniya, sau biyu yana zama juyawa da tacewa. Har sai an kammala awon ɗakin gwaji, maganar furometiyom zargi ce, ba hukunci ba.

Abin da ya rage a binciken, wato dalilin da wani ke bugu wani ba ya yi, ba sai mai babban madubi zai taɓa shi ba. Bayanan TESS a buɗe suke kyauta a rumbun MAST, manhajar Lightkurve da ake karanta su da ita ma kyauta ce. Ɗalibin fiziks a Zariya ko Sakkwato ko Yamai da ke da kwamfuta da intanet da ɗan sanin Python zai iya sauko da hasken Alpha Circini, mafi haske a cikin masu wannan bugu, ya fitar da bugunsa na kusan minti bakwai da hannunsa a yini guda. Malaman da ke raba wa ɗalibai batun kundin kammala digiri, don Allah a sa wannan a cikin jerin.